Shirwa na kwashe min 'yan tsaki, ga damina ta matso: ina mafita?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Akko, jihar Gombe. Gidanmu na bakin gari ne, daga bayan danga sai gona. Ina da kaji 9 da zakara ɗaya. A watan nan biyu sun yi ƙyanƙyasa, 'yan tsaki 21, yau saura 8. Shirwa ce ke ɗauke su, wani lokaci a kan idona. Maƙwabciyata ta ce in shafa musu galura, maigidana kuma ya ce zai sa wa nama guba ya ajiye mata. Ga damina ta matso, ayyuka sun yi mana yawa. Don Allah mene ne mafita, kuma da me zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu, 'yar'uwa, Allah Ya mayar miki da alheri. Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce me aka yi aka yi ɗan tsako. Mu da muke ciki mun san tsakon nan shi ne kuɗin sabulu nan da wata shida, shi ne kuɗin Laraba na yara, shi ne abin da za a yanka wa baƙo ko mai jego. Rasa 13 cikin 21 ba ƙaramar asara ba ce.

In na fahimce ki, abu uku kike tambaya: yadda za ki tsare takwas ɗin da suka rage da waɗanda za a ƙyanƙyashe nan gaba, ko galura da guba za su yi miki aiki, da kuma inda za ki cusa wannan hidima cikin ayyukan bazara. Na yi shekaru ina aikin malamar gona, ina shiga gidajen da maza ba sa shiga, daga ƙauyukan Kumo har na Dukku da Bajoga, kuma ni ma ina da kaji da zabi a bayan ɗakina. Daga nan abin da zan faɗa miki ya fito. Ni ba likitar dabbobi ba ce, ban kuma ga gidanki ba, don haka inda magana ta kai ga ciwo zan nuna miki wurin da za ki nufa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: shirwa a sama take, ba ki da iko da sama. Ikonki a ƙasa yake, a kan inda tsako zai wuni a makonni shidan farko na rayuwarsa.

A fara sanin ɓarawon

Ki zauna ki ƙirga. Cikin 13 ɗin nan, nawa kika ga an sura da idonki, ko yara suka gani? Na sha zama da mata a tsakar gida mu yi wannan lissafi, sai mu tarar waɗanda aka ga shirwa ta ɗauka ba su wuce huɗu ko biyar ba, sauran kuwa "an wayi gari ba a gan su ba". Shirwa da rana tsaka take sata, kaza na kururuwa, yara na ihu, kowa ya shaida, shi ya sa duk abin da ya ɓace a kanta ake ɗorawa. Alhali akwai masu aikin dare.

Kowane ɓarawo da irin sawunsa. Tsuntsu in ya ɗauki tsako ba ya bar miki komai, sai dai wani lokaci ki ga tarin gashi a gindin bishiya inda aka fige shi. Muzuru yakan bar fukafukai da ƙafafu. Ɓera da gafiya cikin dare suke jan tsako daga ƙarƙashin uwarsa, ki tsince shi a bakin rami an ci wani sashe. Maciji da damo haɗiya suke yi, ƙwai da tsako duka. Hankaka ya fi son ƙwai da tsakon da ya yi nisa da uwa. Wanda kuwa kika tarar a kwance ba rauni a jikinsa, fukafukai a sake, wannan ƙishirwa ce, ko zafi, ko ciwo. Ki ƙirga su da magariba in sun shiga kwana, ki sake ƙirgawa da safe kafin su fito, kwana uku a jere. Nan za ki gane ko da rana ake yi miki ɓarna ko da dare.

Su kansu na saman ba farauta ɗaya suke yi ba, kodayake mutane kan haɗa su a suna ɗaya. Shirwa ita ce babbar nan mai duhun ruwan ƙasa, bindinta a tsage, wadda za ki ga tana shawagi a kan kwata da kasuwa da juji. Ƙafarta ba ta da ƙarfin ɗaukar babbar kaza. Abincinta fara, ƙadangare, ɓera, tarkacen nama, sai tsako in ta samu. Ba ta cika sauka ba, kawo sura take yi ta wuce, don haka tana bukatar fili, hanyar shigowa da hanyar fita. Shaho kuwa iri-iri ne. Akwai ƙarami mai ruwan toka da zane-zane a ƙirji, wanda ke laɓewa cikin ganyen mangwaro ko darbejiya ya yi shiru kamar babu shi, sai ya fito kamar kibiya, har ƙarƙashin rumfa yakan bi tsako. Akwai kuma babba mai faɗowa daga can sama, wanda ke iya kashe kazar da ta fara tasawa. Kin ga ke nan bishiyar da ke kare tsako daga shirwa ita ce maɓoyar shaho. Wannan ne ya sa dabara ɗaya takan yi aiki a wani gida ta ƙi yi a gidan maƙwabta, har a riƙa musu a kai.

Abin da ya sa ɓarnar ta fi yawa a bazara

Ki dubi bayan dangarki yanzu. An kwashe kara, shanu sun cinye ciyawa, abin da ya rage an tara an cinna wa wuta. Ƙasa tas take kamar tafin hannu. Tsakon da a watan Agusta zai yi taku biyu ya shige cikin wake ko gyaɗa ya ɓace, yanzu sai ya yi gudu mai nisa kafin ya samu inda zai sa kansa. Ga yunwa: ba ƙwari, ba ɗanyen ganye, ba tsabar da ta zube, don haka uwa ke jan su har tsakiyar gona tana tono. Ke kuma gidanki na bakin gari ne, tsakaninki da fili danga ce kawai.

Sannan wutar sharar gona kiran shirwa take yi. Duk inda hayaƙi ya tashi za ki gan su sun taru suna cafke fara da ƙadangarun da wuta ta koro. In maigida ya cinna wa tarin shara wuta a gonar bayan gida da hantsi, kaji na waje, to an yi wa shirwa gayya. A rani ne kuma nake ganin sheƙarsu a kan dogayen itatuwa irin su giginya da maɗaci, kuma tsuntsuwar da ke ciyar da 'ya'ya ba ta hutawa. Da zarar ta ci nasara sau biyu a gida ɗaya, ta riƙe hanya ke nan, kusan lokaci ɗaya za ta riƙa zuwa kullum. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma gaskiya ne, uwa tana iya bakin ƙoƙarinta, tana buɗe fukafukai tana tashi sama. Amma uwa ɗaya ba ta iya tare tsaki goma da suka watsu a fili.

Rufe su, mako shida

A duk abin da na gwada, da wanda na ga an gwada, ba abin da ya kama ƙafar wannan: tsako kada ya taka fili sai ya yi mako shida. In abinci ya isa, a kai takwas. A lokacin ya yi gashi, ya kai girman kurciya, ya iya gudu, ya kuma san kukan gargaɗin uwa da na zakara. Shirwa ba ta cika damuwa da irin wannan ba.

Rufewar ba tana nufin a kulle su cikin akurki mai duhu ba. Abin da ake bukata keji ne na wuni, mara ƙasa, wanda za a iya ɗagawa a sauya masa wuri. Nawa tsawonsa ƙafa 6 ne, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 2, kuma yana ɗaukar uwa da tsaki 10 zuwa 12. Da sandunan darbejiya aka ɗaure shi, aka zagaye da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda kan tsako ba zai shiga ba. In kuɗin waya bai samu ba, tsohuwar ragar masunta tana yi, irin wadda ake samu wajen mutanen Dadin Kowa, ko tsohon gidan sauro da ya riga ya yage aka daina kwana a ciki, a wanke shi sosai a ɗinke. Ban ce a cire wanda yara ke kwana a ciki ba, damina na zuwa da sauronta. Babban kwando mai faɗin baki da aka saƙa da tazara shi ma yana yi wa uwa mai tsaki kaɗan. Raga da gidan sauro dai na rana ne. Muzuru da ɓera yaga su suke yi, don haka da magariba a mayar da uwa da 'ya'yanta wurin kwana mai ƙofa.

Rabin saman kejin dole a rufe shi da zana ko tsohuwar tabarma, a kuma ajiye shi a inuwa. Ina nanata wannan ne saboda abin da na taɓa gani. Na shiga wani gida a watan Afrilu, wajen azahar, matar gidan ta ce in zo in ga dabarar da ta yi wa shirwa. Ta kife tsakinta da tsohon daro na ƙarfe a tsakar gida, ta sa dutse a gefe ɗaya don iska. Da safe wurin inuwa ne, amma rana ta juya. Da muka ɗaga, bakwai ne a ciki, biyar sun mutu, biyu suna haki baki buɗe. Ta tsaya riƙe da daron ta kasa magana. A Maris da Afrilu zafin ƙasar nan yakan kai digiri 40, ƙarfe kuwa tanda ne. Kada ki kife tsako da daro, ko baho, ko kwano, ko na minti goma ne. Kuma in kin ajiye keji, ki lura da inda inuwar za ta koma bayan azahar.

Kullum a matsar da kejin zuwa sabon wuri, don kada su wuni a kan kashinsu na jiya, don daga nan zawo da tsutsar ciki ke samun hanya. A ɗora masa dutse ko a kafa masa turke, saboda iskar da ke gaban hadarin farko tana iya kifar da shi. Tun da kaji biyu ne suka ƙyanƙyashe miki, ki gwada haɗa takwas ɗin a ƙarƙashin uwa ɗaya, wadda ta fi kula. Da dare ake yi, cikin duhu, a tura su ƙarƙashin fikafikanta, da safe a tsaya a kansu a ga ko ta karɓe su. In tana saran su, a mayar da kowa wurin uwarsa.

Sai dai in sun kai mako huɗu za ki iya fara sakin su da la'asar sakaliya, kamar awa ɗaya kafin magariba, wani na zaune a wurin. Daga hantsi zuwa azahar ne na fi ganin shirwa a sama, lokacin da ƙasa ta ɗau zafi, iska na ɗaga ta ba tare da ta wahala ba. Ranar da za a ƙona shara kuwa, kowa ya wuni a rufe.

Ga manyan da ke yawo, a yi musu wuraren fakewa. Ƙananan rumfuna na kara, tsayin gwiwa, biyu ko uku a tsakar gida da bayan danga, yadda duk inda kaza take ba za ta yi gudu mai nisa ba. Ƙarƙashin rumbu ma mafaka ce, kada a toshe ta duka. Wasu na jibge rassan ƙaya, na magarya ko aduwa, tsako ya shige shaho ya kasa bi, sai dai a riƙa ɗagawa ana dubawa saboda maciji. In ruwa ya sauka ki dasa lalle ko rogo a jikin danga, ki bar kabewa ta yaɗu. Baɗi war haka za ki ga amfaninsu. Zakaranki ma ki riƙe shi da kyau. Kukan da yake yi in ya hango abu a sama daban yake da wanda yake yi in ya ga kare ko maciji, kuma kaji sun san bambancin: na sama in ya yi, ɓuya suke yi.

Me za su ci a rufe?

Nan ne mata suka fi tsayar da ni, kuma da gaskiyarsu, musamman a bazara da rumbu ya yi ƙasa. Amma cikin tsako ƙarami ne. A lissafina, tsakon gida bai cika cinye abin da ya wuce mudu ɗaya ba a makonni shidan nan gaba ɗaya. In babu hatsin, ki sayar da kaza ɗaya cikin taran, wadda ta tsufa ta rage ƙwai, ki ciyar da takwas ɗin da kuɗinta.

Haɗin da nake yi: tsakin masara ko gero ko dawa awo uku, dusa awo ɗaya, sai dakakken ƙuli-ƙuli ko waken suya awo ɗaya. Waken suya sai an soya shi ko an dafa an shanya, ɗanye yana hana tsako girma. Ƙuli-ƙulin ya zama mara yaji da gishiri, kuma duk abin da ya yi fumfuna, masara ce ko gyaɗa, a zubar, don gubarsa hanta take ci. Ina ƙara ɗan garin busasshen kifi in akwai, da ganyen zogale, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Wadda ke da halin sayen abincin tsaki na kanti ko na mako biyun farko ne, ta yi, yana tayar da su da wuri.

Sai gara, wadda ita ce naman talakan tsako. Ki samu tsohuwar tukunya, ki cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara da totuwar masara, ki yayyafa ruwa, ki kife ta da yamma a inda kika ga hanyar gara, nesa da ɗaki da rumbu, ki rufe da tsumma. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ki ɗaga ki zazzage musu. Ƙananan nan farare ake so, ba zago mai babban kai da ke cizo ba.

Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Kasko mara zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada tsako ya faɗa ya nutse ko ya jiƙe, a wanke a sauya sau biyu a rana. A wannan zafin, tsakin da ƙishirwa ke kashewa ba su da kaɗan, kuma su ma a kan shirwa ake ɗora su.

Galura da sauran dabaru

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, ana yi, ni ma na yi. Ana rina tsaki da ja ko shuɗi don tsuntsu ya ga abin da bai saba ba. Abin da na gani shi ne yana rage ɓarna na ɗan lokaci, musamman ga fararen tsaki da ake hangowa daga nesa, amma launin yana tafiya in sabon gashi ya fito, shirwar da ta riga ta san gidan kuma takan gane. In za ki yi, da safe a ranar da ake rana, a baya da fukafukai kaɗai, kada ya taɓa ido da baki, kada kuma a tsoma tsako cikin ruwan. Fenti da baƙin mai ko kusa. Haka zancen yake ga faifan sidi da madubi da leda mai ƙyalli da mutum-mutumi: kwana kaɗan suke tsorata tsuntsu, in ba a sauya musu wuri ba ya saba. Wanda na ga ya fi su duka shi ne a ja igiyoyi a saman tsakar gida, daga danga zuwa danga, a giccye, tazarar taku ɗaya, saboda yana tare wa shirwa hanyar sura. Shaho ƙarami dai yana ratsawa. Duk waɗannan ƙari ne a kan keji, ba sa maye gurbinsa.

Maganar guba

Don Allah ki roƙi maigida ya bar wannan, ki faɗa masa da lalama, don shi ma zafin asarar ne ya sa. Na san akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ambaci shirwa tare da hankaka da kunama da ɓera da kare mai cizo cikin abubuwan da aka halatta kashewa, kuma bayanin hukuncinsa na malamai ne. Ni abin da nake magana a kai guba ce, don guba ba ta zaɓe. Shirwa ba a inda ta ɗauki nama take ci ba. Tana iya tashi da shi ya suɓuce mata a gidan maƙwabta, ko a bakin rijiya, ko inda yaro ke rarrafe. Kajinki ma za su iya riga ta. Kare ya ci, kyanwa ta ci, in shirwar ta mutu a daji abin da ya ci gawarta shi ma ya bi ta. Ki tuna yadda ungulu take cika kwata muna yara, yau sai ki yi wata ba ki ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma guba na cikin manyan dalilai. Bayan haka, in an kashe wannan shirwar, wata za ta zo, tun da filin da tsakin suna nan. Shirwa ce kuma ke rage mana ɓera da fara a gona.

Aikin da ke jiran ki kafin ruwa ya sauka

A ƙasar Akko ruwa yakan zauna a watan Mayu zuwa farkon Yuni. Mutanen Kaltungo da Ɓilliri suna riga ku kaɗan, na Nafada suna bayanku. Lokacin da ya rage ba shi da yawa, kuma da an yi shuka ba mai sauran sukuni.

Ki fara da akurki. A kwashe kashin kajin tas a kai gona tare da takin da ake kaiwa yanzu, yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai a bar shi ya huce kafin ya taɓa shuka. A ƙone tsohuwar ciyawar da kaji suka yi kwanci a kai. Ki shiga da fitila da dare ki duba tsagogin bango, nan kaska da ƙuma ke ɓuya da rana su fito su sha jini da dare, har kaza ta gudu ta bar ƙwanta. A yaɓe tsagogin da sabuwar ƙasa a lokacin da ake yaɓen ɗakuna, a toshe ramukan ɓera da fasassun kwalabe kafin a yaɓe, a barbaɗa toka a ƙasa. Ki ajiye musu toka da yashi a wani lungu su riƙa birgima. Fiya-fiya kada ta taɓa jikin kaza, kuma ba a fesa ta kaji na ciki. A ɗaga dandaɓen akurkin ya fi tsakar gida tudu, a gyara jinkarsa in ana gyaran na ɗakuna, a buɗe hanyar ruwa ta bi nesa da shi. Ruwan farko yana kashe tsaki ƙwarai: su jiƙe, sanyi ya kama su, kafin safe an rasa su.

Sai rigakafi. Annobar nan da ke share kaji gari guda, su riƙa zawo kore, suna haki, wuya ya murɗe, likitoci na kiranta Niyukasil. Ta fi tashi da hunturu, amma ba ta da rantsuwa a kan sauran watanni, kuma ba ta da magani in ta shiga. Kafso ja da rawaya da ake zuba musu a ruwa ba ya kashe ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin rigakafinta, har da wani iri da ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi, aka yi shi domin kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da tsako duka, a maimaita duk bayan wata huɗu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, kuma sai bayan kamar mako biyu yake fara kare su. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗu ku matan unguwa, a tura mutum ɗaya ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko wajen malamin gona, a kawo shi a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle ba tare da rana ta buge shi ba, a gama da shi a ranar da aka haɗa. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin naki.

In kika ga kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, fuska a kumbure, wannan ya wuce ni, ya wuce ki. Kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa, a sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a ƙasar nan a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma tun daga lokacin takan dawo.

Abu ɗaya da ake mantawa: irin shuka da aka gauraya da magani. Duk shekara sai na ji gidan da kaji suka mutu a makon shuka, don an bar kwanon iri a tsakar gida, ko sun bi layi suna tone abin da aka binne. Gidanki da gona danga ce tsakani, don haka makon shuka manya ma a tsare su, har tsiro ya yi ƙwari. Wannan zai raba ki da rigimar maƙwabta ma. Robar maganin feshi kuwa ba a mayar da ita abin ba kaji ruwa, komai wankin da aka yi mata.

In kina sha'awar zabi, da damina suke ƙwai, kuma kaza ta fi zabuwa iya riƙon 'ya'ya. Sai dai ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na kaza 21, don haka ba a haɗa su rana ɗaya a ƙarƙashin uwa ɗaya. 'Ya'yan zabi sun fi tsaki rashin jure raɓa da jiƙa, kejin nan su ma zai yi musu aiki.

Ba zan ce miki ba za ki ƙara rasa ko ɗaya ba. Kazar da ke yawo a fili tana cikin haɗari kullum, kuma babban shaho yakan ɗauki wadda ta tasa ko an yi duk abin da na lissafa. Amma ki lura da wannan lissafin: uwar da aka raba da 'ya'ya yanzu za ta koma ƙwai nan da mako biyu ko uku, ta yi kamar mako biyu tana zubawa, ta kwanta kwana 21. Ƙyanƙyasarta ke nan za ta faɗo daidai lokacin da ruwa ya zauna. Saboda haka in za a ɗaure kejin, a yi masa rufi mai gangara wanda ruwa zai bi ya zube, a sa leda a ƙarƙashin zanar, a kuma tanadi wuri mai tudu a gindin bango inda za a riƙa ja shi in hadari ya haɗu.